Rana Ba Ta Ƙarya: Yadda Marubuci Zai Cika Wa'adin Littafinsa

Ranar da na fara karɓar kafin alƙalami a kan littafin da ban gama rubutawa ba, ranar na rataya wa kaina dutsen niƙa a wuya ban sani ba. Wani mai buga littattafai ne ya karanta babi uku na labarin da na soma, ya yaba ƙwarai, sannan ya ce, "Malama, wata nawa za ki ɗauka ki kawo mini ragowar?" Yabo ya hau mini kai. Ko lissafi ban yi ba na ce wata uku. Ya ƙirgo jika hamsin ya miƙo, na sa hannu biyu na karɓa, na hau kabu-kabu na dawo gida ina jin kamar ni na gina garun Birni.

Wata uku ya cika ina babi na tara, alhali babi ashirin da huɗu na tsara wa labarin. Kuɗin kuwa tuni sun bi hanyar da kuɗi suke bi. Daga nan in na ga lambarsa ta fito a salula sai gabana ya faɗi, in kife ta a kan katifa har ta gaji ta yi shiru. Wata Alhamis na hango shi a kasuwar Dole yana cinikin hula, na ratse ta layin masu tattasai na koma gida da rabin cefane. Sai da na cinye wata goma sha ɗaya kafin na miƙa littafin, kuma har yau in mun haɗu yakan yi murmushi ya ce, "Malama mai wata uku." Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ba lalaci ne ya kayar da ni ba. Ina koyarwa a lakwal, ina da yara uku, kuma a tsawon watannin nan babu ranar da ban kwana da labarin a raina ba. Abu biyu ne suka haɗu: na yi alƙawari da saurin da ba nawa ba, na kuma ari tsarin aikin da ba a ɗinka shi daidai jikina ba. Ga hanyar da na bi a littattafan da suka biyo baya. Da mace zan riƙa magana, don mu muka fi yawa a rubutun labari yanzu, amma kai ma malam akwai rabonka a ciki.

Mataki na farko: sati biyu kina kallon kanki

Kada ki fara da zana jadawali. Jadawalin da aka zana kafin a san mai shi zanen aro ne, ba ya rufe katara. Ki sayi ƙaramin kaye, ki ja gida huɗu: ƙarfe nawa na zauna, a ina, kalma nawa na rubuta, yaya na ji jikina. Sati biyu cur, duk sanda kika taɓa labarin, ko na minti goma ne, ki cika gidajen. Kar ki sake hali a kwanakin nan, kar ki nemi burge kayen. Ki yi yadda kika saba, ki rubuta gaskiya kawai. In a waya ko kwamfuta kike rubutu, Word da Google Docs suna ƙirga kalmomi da kansu. In da bik ne, ki ƙirga shafi ɗaya na rubutun hannunki sau ɗaya, daga nan sai ninkawa.

Ni kafin in koyi wannan, tsarin wani Bature na ɗauko. Anthony Trollope, marubucin Ingila da ya rasu a 1882, ya bar littattafan labari 47, kuma da dama daga cikinsu ya rubuta su yana ma'aikacin gidan waya. Yakan zauna ƙarfe biyar da rabi na safe, ya ajiye agogo a gabansa, ya tilasta wa kansa kalma 250 a kowane minti goma sha biyar, sannan ya karya kumallo ya tafi aiki. Da na karanta haka na ce shi ke nan, na samu lagon abin. Sai dai biyar da rabi a gidana lokacin sallah ne, da hura wuta, da dama koko, da neman takalmin auta da ba ya taɓa kwana inda aka ajiye shi. Shi Trollope yana da tsohon bara da yake ƙara wa fam biyar a shekara don kawai ya tashe shi ya kawo masa kofi. Ni ce barar gidanmu, ni ce kuma marubuciyar. Kwana huɗu na yi na watsar, na ɗora wa kaina laifin rashin himma.

Kayen ne ya wanke ni. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san garin a kan dutse yake, ruwa ba abin wasa ba ne, kuma a bazara pampon unguwarmu sai cikin dare yake tunawa da mu. Wajen ƙarfe uku nakan ji bututun ya fara tari, in tashi in jera jarkoki, in jawo kujera ƴar tsuguno in zauna. Ruwan siriri ne kamar zare, kafin jarka ɗaya ta cika an yi kusan rubu'in awa. Ba mai kirana, ba mai kuka, iska ta ɗan yi sanyi, sai ƙarar ruwan da takan sauya murya idan jarka ta kusa cika. Don kar barci ya sace ni nakan ɗauko waya in ci gaba da labarin. Ban taɓa lissafa wannan a cikin aiki ba, a ganina jiran ruwa nake. Da sati biyu ya cika na duba kayen, sai ga shi baƙi a kan fari: zaman bayan isha, wanda nake kira lokacin rubutuna, kalma 150 ne da hamma. Zaman bakin pampo 500 ne, wata rana 600.

Kar ki ce to kowa ya koma tashin ƙarfe uku. Akwai wani ɗan'uwa marubuci a Zango da ba ya iya haɗa jimla biyu kafin azahar. Shi sai a fada, majalisar shayin samari, bayan magariba, samari na gardamar ƙwallo, buta na tafasa a kan gawayi, shi yana gefen tabarma yana dannawa. In ka kai shi ɗaki shiru sai tunaninsa ya daskare. Masana barci sun nuna cewa zama ɗan asuba ko ɗan dare yana da nasaba da gado, kuma yana sauyawa da shekaru: matasa sun fi karkata ga dare, tsofaffi ga safiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abu huɗu za ki tambayi kayen. Wane lokaci ne kalmomi suka fi zuwa? Shiru kike so ko motsin mutane? Da me hannunki ya fi sakewa, bik, waya, ko magana da baki ki naɗa? Ta huɗun ita ta fi kowacce nauyi: ke mai yayyafi ce ko mai mamako? Mai yayyafi kullum sai ta ɗiga kaɗan, in ta tsallake kwana biyu zaren ya kuɓuce mata. Mai mamako takan yi kwana huɗu ba ta rubuta ko harafi ba, labarin yana haɗa hadari a kanta, rana ta biyar ta zauna ta zubar da kalma 3,000. Duka biyun suna cika tabki. Wahalar tana farawa ne in mai mamako ta ce lallai sai ta zama mai yayyafi don ta ji ana cewa marubucin kirki kullum yake rubutu.

Mataki na biyu: ki yi lissafi da saurinki na yau da kullum

A nan aka fi faɗuwa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Idan aka tambaye mu yaushe za mu gama, ranar da muka fi kowace sauri muke tunawa, sai mu ninka ta. Babi ukun farko da na kai wa mai bugun nan a cikin kwana goma na rubuta su, lokacin labarin yana da zafinsa, kuma ana bakans. Na ɗauka haka zan ci gaba har ƙarshe. Wannan cutar ba tawa ba ce ni kaɗai. Tun a 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka yi bayanin yadda mutum yake raina lokacin da aikinsa zai ci, ko da kuwa ya sha ganin irin aikin ya wuce yadda ya zata. Maganin da ya fi aiki shi ne ki daina tambayar zuciyarki, ki tambayi abin da ya faru a baya.

Ki jera adadin kalmomin kowane zama daga ƙarami zuwa babba, ki ɗauki na tsakiya. Ba na ranar sa'a ba, ba na ranar ciwon kai ba. Nawa 450 ya fito. Ki ninka shi da yawan zaman da kike samu a sati, na gaskiya, ba wanda kike fata ba. Ni biyar ne, wato kalma 2,250 a sati. Labarin da zai kai kalma 60,000 ke nan zai ci sati 27 kafin a ga ƙarshen rubutun farko.

Ba a gama ba. Rubutun farko ɗanyen bulo ne, sai an yi gyara. Ki ƙara kashi ɗaya cikin uku na wannan lokacin, sati tara, ya zama 36. Sai kuma matattun kwanaki, waɗanda za mu zo kansu yanzu. A wajena ba sa gaza sati takwas a shekara. Jimla 44, wata goma ke nan da ɗoriya. Da na yi wannan lissafin a gaban mutumin, da kusan ranar da na kai masa littafin zan ambata tun farko, ba ɓuya a kasuwa, ba kife salula. Littafin bai makara ba, bakina ne ya yi gaba.

Wata za ta ce ai Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, a cikin wata shida a 1936. Gaskiya ne. Amma sai da aka ɗauke masa aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, rubutun ya zama shi ne aikinsa safe da yamma. In ke ma an ɗauke miki aji da tukunya na wata shida, sai ki sake lissafi.

Mataki na uku: ki soke matattun kwanaki tun kafin su zo

Ki ɗauko kalanda da jan bik. Azumi ki fara sokewa, ko ki rage masa kaso zuwa rabi in kin san bayan sahur kanki yana aiki. Ki tuna kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, kar ki kwafi na bara. Satin ƙaramar sallah da na babba, da ɗinki da kitso da kai yara kallon hawa a ƙofar fada, ba na rubutu ba ne. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ɗaki ya zama tanda, in an ɗauke kuran waya ta mutu, saurin kowa yana raguwa. In malama ce ke, ki soke satin jarrabawa da na cika sakamako. In kuna noma, shuka da girbi suna da haƙƙinsu. Sannan ki bar sati biyu fari, ba suna, don biki da suna da rasuwa da zazzaɓin damina ba sa aiko da takarda.

Akwai kuma kwanakin albarka, su ma ki yi musu alama. Gare ni bakans ne, daga Yuli zuwa Satumba, da tsakiyar ɗari, Disamba da Janairu, lokacin da yara suke shigewa bargo da wuri. A nan nake jibge babobin da suka fi wuya.

Mataki na huɗu: sa rana

Yanzu kina da adadi a hannu. In mai bugu ya tambaya, kar ki amsa a tsaye. Ki ce, "Malam, bari in duba, gobe zan faɗa maka." Wanda ya san aiki ba zai ji haushi ba. In ya ce ya yi nisa, to ku rage tsawon littafin ko ku raba shi kashi biyu, amma kar ki rage kwanaki ki bar kalmomi yadda suke. Ku rubuta yarjejeniyar ko a takarda ɗaya ce: ranar miƙawa, tsawon littafin, kuɗin da aka bayar, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Kafin alƙalami kuwa, in ba dole ba, ki bari sai kin wuce rabi. Kuɗin da aka ci tun ba a yi aikin ba yakan mayar da rubutu biyan bashi, kuma babu mai biyan bashi da nishaɗi.

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, naku wa'adin ya fi na kowa tsanani, don kullum ne, kuma masu bin bashin suna da yawa. Da kin yi kwana biyu shiru saƙonni sun cika waya: "Anti, lafiya? Mun fa biya." Dokata a nan ɗaya ce: rumbu. Kar ki saki shafin farko sai kina da goma a ajiye. Kullum ki ɗebo daga rumbu, ki zuba sabo a bayansa. Ranar da ya ragu zuwa uku ki sanar da hutun sati ɗaya tun kafin ya ƙare. Wadda take rubutawa da safe ta saki da yamma, labarinta ne yake shan wahala: a nan za ki ga an kashe kishiya babu dalili, ko an aurar da yarinya a shafi biyu, don kawai a samu abin turawa.

Mataki na biyar: ki daddatsa wa'adin, ki nemo mai shaida

Wata goma ya yi nisa da yawa, zuciya ba ta tsoronsa. Sai ya rage sati uku ta farka. Ki yanka shi gunduwa-gunduwa: babi kaza ranar Juma'a kaza. Mai yayyafi ta ƙirga kullum, mai mamako ta ƙirga a ƙarshen sati, kar ta duba kayen kowace safiya tana cizon yatsa.

Wa'adin da ke kaɗai kika sani ba ya cizo. Mu huɗu ne muka mayar da abin kamar adashi: kowace Juma'a da la'asar kowa ya zuba babinsa, wanda bai zuba ba shi zai sayi sukari da ganyen shayin haɗuwa ta gaba. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, kunyar ce take aiki. Ba ma yi wa juna sharhi a wannan matakin, iyaka mu ga an rubuta. In ba ki da irin wannan zama, ƙanwarki ma ta isa, muddin mai naci ce.

Wadda ba ta taɓa aiki da wa'adi ba ta fara gwadawa da gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, labari ne na kalma 1,000 zuwa 1,500 da ranar rufewa da ba a ɗaga wa kowa. Ko ba ki ci ba, za ki ga yadda halinki yake in rana ta matso: wata tsoro yana ƙara mata gudu, wata yana ɗaure mata hannu. In ke ta biyun ce, ki riƙa sa wa kanki rana sati biyu kafin ta gaskiya, ki kuma faɗa wa mai shaidarki wannan ta kusan, ba waccan ba.

Mataki na shida: tsaron lokacin

Lokacin da kika gano naki ne, amma ba wanda zai bar miki shi sai kin nema. Ni sai da na zauna da maigidan na ce, "Malam, daga ƙarfe uku zuwa kiran asuba ina aiki, ko ruwa ya zo ko bai zo ba. Bayan isha kuma zan kwanta da wuri." Ya yi dariya ya ce to, marubuta. Bayan wata biyu shi yake cewa yara su rage murya Mama za ta kwanta. Wannan kwanciyar da wuri ba ƙari ba ce, ita ce kuɗin sayen ƙarfe ukun. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko sama da haka; abin da na rasa da dare ina ramawa da ƙailula bayan an taso lakwal. Wadda ta saci barci ta ba littafi, sati uku za ta yi ta kwanta ciwo, ta biya da riba.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa cin mini sati. Ki kashe data kafin ki buɗe labarin. Ki cika waya da caji tun da rana. Kowace Juma'a ki tura wa kanki kwafin aikin ta imel ko ki ajiye a Google Drive. Waya takan faɗa bokiti, na gani da idona, babi huɗu suka tafi da ita. Sannan ki tsaya a inda kika san abin da zai biyo baya. Wannan dabarar marubucin Amurka Ernest Hemingway ya shahara da ita, kuma cikin duk abin da na aro daga waje ita kaɗai ta zauna mini daidai. In na bar uwar miji tsaye a bakin ƙofa ta ɗaga labule, gobe ba sai na yi dogon tunani ba, na san abin da za ta faɗa.

Ana yawan cewa kar a yi gyara sai an kai ƙarshe. Ga mafi yawan mutane haka ne. Amma akwai wadda in ta san akwai ɓaraka a baya ba ta iya gaba. In ke ce, ki ba gyara minti goma na farkon zama, ki karanta na jiya ki share ƙura, daga nan ki wuce.

Mataki na bakwai: in an tsaya cik, ko an ga rana za ta kama

Tsayawar rubutu iri uku ce, kowace da maganinta. In gajiya ce, kwana biyu ba ki taɓa shi ba ya isa. In tsoro ne, wato kin san abin da za ki rubuta amma kina ganin ba zai yi kyau ba, ki rubuta shi a mummunansa, gyara na nan tafe. In kuwa kin huta, ba kya tsoro, amma mutanen labarin sun ƙi motsi, to kin yi ɓatan kai a baya. Ki koma babi biyu ko uku, za ki tarar da inda kika sa wani ya yi abin da ba halinsa ba ne. Nan za ki warware.

Duk ƙarshen wata ki gwada inda kike da inda lissafi ya ce ki kasance. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In kin ga giɓin ya kai sati uku, ki kira mai bugu a ranar, ba ana jibi wa'adi ba. Ki ce masa ga inda nake, ga sabuwar ranar da zan iya. Sau ɗaya ake wannan, shi ya sa sabuwar ranar ma sai an yi mata lissafi. Abin da ya ɓata wa mutumina rai ba jinkirin ba ne, daga baya ya faɗa mini; ya riga ya yi magana da mai zanen bango da masu injin bugu, ni kuma na ƙi ɗaukar waya.

In ranar ba ta ɗaguwa, akwai hanyar gaggawa. A 1865 marubucin Rasha Dostoyevski ya sa hannu a wata muguwar yarjejeniya: in bai kawo sabon littafi ba zuwa 1 ga Nuwamba 1866, mai bugun zai riƙa buga ayyukansa shekara tara ba tare da biyansa ba. Oktoba ya kama bai rubuta ba. Sai ya ɗauko wata budurwa mai saurin rubutu, yana faɗa tana ɗauka, suka gama cikin kwana 26. Daga baya ma ya aure ta. Mu da muka tashi da tatsuniya a bakin kaka, baki ya fi mana hannu sauri. Ki naɗi babin a waya kamar kina ba ƙawarki labari, ki ba wani ɗalibi mai tsabtar rubutu ya kwafe, ke ki bi ki gyara. Na yi haka da babi biyar. Ba su kai sauran daɗi ba sai da na sha aiki a kansu, don magana tana da maimaici da yawa, amma sun fitar da ni kunya. Wata hanyar ita ce ki cire reshe guda na labarin gaba ɗaya, irin ƙanwar ƙawar amarya da nata auren. Sau da yawa littafin ƙaruwa yake.

Mataki na ƙarshe: gyara da miƙawa

Da kin kai ƙarshe ki rufe shi sati ɗaya, wannan satin yana cikin sati taran da muka ware wa gyara. Sannan ki karanta gaba ɗaya ba tare da taɓa jimla ba, kina neman manyan ramuka: wanda ya tafi Agadas a babi na shida ya bayyana a ɗaki a na bakwai, cikin da ya yi wata goma sha huɗu, yarinyar da sunanta ya sauya a tsakiya. Zagaye na biyu ki karanta da murya, kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Na uku na ƙa'idar rubutu ne: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da raba kalmomi. In allon wayarki ba shi da haruffa masu lanƙwasa ki sa Hausa a Gboard tun ranar farko, don bin kalma 60,000 ana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya aikin sati ne da ba ki sa a lissafi ba. Ki ba mutum biyu su karanta, su ma ki sa musu rana.

Bayan kin miƙa, ki koma kayen ki rubuta abu biyu a shafin ƙarshe: ranar da kika yi alƙawari da ranar da kika cika. Da su za ki yi lissafin littafi na gaba, don saurin mutum yana sauyawa. Nawa ya ragu shekarar da na yi goyo, ya dawo da aka yaye.

Littafina na baya-bayan nan wurin mutumin nan dai na sake kai shi. Na ce masa wata goma, ya ce, "Malama, ko dai in rubuta shekara biyu?" Ana saura kwana huɗu, wajen ƙarfe huɗu da rabi na dare, jarka ta uku tana cika, na danna masa aikin. Da hantsi ina cikin aji ya kira, na fita baranda na ɗauka a bugu na farko. Ya ce, "Malama, na ga saƙo da tsakar dare, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, Malam, buɗe ka gani.